Daga teburin sa hannu zuwa teburin jami'in kwastan: yadda ake gyara dokokin ƙasa don aiwatar da yarjejeniyar kasuwanci

Ranar 21 ga Maris, 2018, ƙasashen Afirka 44 suka rattaba hannu a Kigali kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar, wadda aka fi sani da AfCFTA. Ta fara aiki a hukumance ranar 30 ga Mayu, 2019, aka kuma ayyana 1 ga Janairu, 2021 a matsayin ranar buɗe ciniki. Duk da haka, sai can ƙarshe-ƙarshen 2022 aka ga kayan farko sun tsallaka iyaka a ƙarƙashinta, shi ma a wani shiri na gwaji da ƙasashe ƙalilan suka shiga. Cikin dalilan jinkirin akwai tattaunawar da ba a kammala ba, akwai kuma aikin gida da ba a yi ba: jadawalin kuɗin fito da ba a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ba, da takardun shaidar asalin kaya da ba a fitar ba.

Jami'in kwastan da ke bakin iyaka bai san abin da aka faɗa a zauren taro ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Abin da dokar ƙasarsa ta ce, da lambar da ke cikin kwamfutarsa, su yake bi. Aikin da wannan jagora ta ƙunsa ke nan: ɗauko kowane alkawari da ke cikin yarjejeniya, a sauko da shi har teburin mutumin da zai zartar da shi. Na rubuta ta ne don ma'aikatan ma'aikatun kasuwanci da na shari'a, da masu taimaka wa 'yan majalisa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu son bin diddigin lamarin.

Mataki na farko: duba abin da tsarin mulkinku ya ce

Kafin ka taɓa yarjejeniyar, buɗe kundin tsarin mulki. Ƙasashe sun kasu gida biyu a nan. Wasu, da zarar an tabbatar da yarjejeniya an buga ta, ta zama doka. Sashe na 55 na tsarin mulkin Faransa na 1958 ya ɗora irin wannan yarjejeniya sama da dokokin majalisa, bisa sharaɗin ɗaya ɓangaren ma yana aiki da ita, kuma ƙasashe da dama da Faransa ta yi wa mulkin mallaka sun bi wannan sahu. Tsarin mulkin Kenya na 2010 shi ma ya ce yarjejeniyar da ƙasar ta tabbatar ta shiga cikin dokokinta. Wasu kuwa, irin su Birtaniya da Kanada da Indiya da Najeriya, sai majalisa ta yi doka tukuna. Sashe na 12 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai yi kwana-kwana ba: babu yarjejeniyar da ke da ƙarfin doka sai gwargwadon yadda majalisar tarayya ta mayar da ita doka.

Kada ɗan ƙasar da ke rukunin farko ya ɗauka ya huta. Yarjejeniya za ta ce a kafa hanyar ɗaukaka ƙara kan hukuncin kwastan, amma ba za ta faɗi wace kotu ba, ko kwana nawa mai ƙara yake da su, ko wa zai biya alƙalan. Ko an ɗora ta sama da kowace doka, wannan giɓin yana nan sai an cike shi da rubutun gida. Ita kanta Faransa, sashe na 53 ya hana tabbatar da yarjejeniyar kasuwanci sai da dokar majalisa.

A wannan matakin ne kuma ake rarrabe abubuwa huɗu da mutane ke cakuɗawa: sa hannu, tabbatarwa, fara aiki tsakanin ƙasashe, da shiga dokar gida. Kowanne da ranarsa. Najeriya ta sa hannu kan AfCFTA a Yamai a Yulin 2019, ta miƙa takardar tabbatarwa a Disambar 2020. Daga ranar da yarjejeniya ta hau kan ƙasa, ba ta da uzurin cewa dokarta ta gida ce ta hana ta cikawa. Sashe na 27 na yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi ya toshe wannan ƙofa, sashe na 16 na yarjejeniyar Marakesh ta 1994 da ta kafa Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, shi ma ya wajabta wa kowace mamba daidaita dokokinta da ƙa'idojinta da hanyoyin aikin ofisoshinta. Saboda haka shawarata ita ce a jinkirta miƙa takardar tabbatarwa har sai ƙudirin doka ya kusa kammala. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: feɗe yarjejeniyar, alkawari bayan alkawari

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin sakaci don yana da gajiyarwa. Ka zauna da rubutun gaba ɗaya, har da rataye-ratayensa da bayanan ƙasan shafi da wasiƙun gefe da ƙasashen suka yi musanya, ka zana tebur. Kowane alkawari da layinsa. A gaban kowanne ka rubuta sashen da ya fito, abin da ake nema a yi ko a bari, ranar da wa'adinsa zai cika, hukumar da abin ya shafa, da dokar gida da ke magana a kai yanzu.

Yayin cika teburin, ka sa ido kan nauyin kalmomi. Alkawarin da aka ce "dole a yi" daban yake da wanda aka ce "a yi ƙoƙarin yi", dukansu kuma daban suke da "ana iya yi". Yarjejeniyar WTO ta sauƙaƙa zirga-zirgar kaya, wadda aka cimma a Bali a Disambar 2013 ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairu, 2017, misali ce mai kyau. Ta wajabta ba ɗan kasuwa hukunci a rubuce kan matsayin kayansa tun kafin su iso idan ya nema, ta kuma wajabta ba shi damar ɗaukaka ƙara. Amma kan batun ƙofa ɗaya ta miƙa dukkan takardu, cewa ta yi mambobi su yi ƙoƙarin kafawa. Wanda ya karanta su da ido ɗaya, ko dai ya ɗora wa ƙasarsa nauyin da ba ta ɗauka ba, ko ya bar wajibi ya wuce.

Ka kuma tabbata da rubutun da kake aiki da shi. Yarjejeniyoyin WTO, alal misali, a harsuna uku suke da inganci: Ingilishi, Faransanci da Sifaniyanci. Fassarar da ma'aikata ta yi don sauƙin aiki ba hujja ba ce ranar da aka je gaban masu sasanci.

Idan teburin ya cika, ka raba layukan gida huɗu: waɗanda dokar yanzu ta riga ta cika, waɗanda umarnin minista ko ƙa'idar hukuma za ta wadatar, waɗanda sai an gyara dokar majalisa, da waɗanda suka ci karo da tsarin mulki. Na huɗun ba su da yawa, amma idan ɗaya ya ɓullo, a tsaya a kai shi ga babban lauyan gwamnati nan take, domin gyaran tsarin mulki tafiya ce ta daban.

Mataki na uku: bi sawun dokokin da ke ɓoye

Kowa zai tuna da dokar kwastan. Waɗanda ake mantawa su ne dokar sayen kayan gwamnati da ta fifita kamfanonin gida, dokar haraji da ta ɗora wa kayan waje kaso fiye da na gida, dokar ingancin abinci da magunguna, dokar rajistar kamfanoni, dokar shige da fice idan yarjejeniyar ta shafi ma'aikatan da ke zuwa aiki na ɗan lokaci, da sanarwowin babban banki kan canjin kuɗi. Akwai kuma 'yan kuɗaɗen da hukumomi ke karɓa a tashoshin ruwa da kan iyaka. Sashe na 8 na yarjejeniyar GATT, wadda ta tsara cinikin kaya a ƙarƙashin WTO, ya ce irin waɗannan kada su zarce kimanin abin da aka kashe wajen yin hidimar. Kuɗin duba kaya da ake lissafawa da kaso cikin ɗari na darajar kayan yakan faɗa cikin wannan tarko, kuma sau da yawa ba a cikin dokar majalisa yake ba, yana cikin wata tsohuwar takardar ofis ne. Ka rubuta wa kowace hukuma ta kawo jerin duk abin da take karɓa da duk izinin da take bayarwa, tare da dokar da ta ba ta ikon. Wadda ta kasa nuna dokar, ka ja layi ƙarƙashin sunanta.

Mataki na huɗu: jihohi da larduna

A ƙasar da ke bin tsarin tarayya, gwamnatin tsakiya ce ke sa hannu, amma ba koyaushe take da ikon yin dokar ba. A Kanada, hukuncin kotu na 1937 kan yarjejeniyoyin ƙwadago ya tabbatar cewa abin da ke hannun larduna, larduna ne za su yi masa doka, ko da tarayya ta ɗaure ƙasar da yarjejeniya. A idon ƙasashen waje kuwa ƙasa ɗaya ce. Lokacin da lardin Ontariyo ya sharɗanta wa masu samar da wutar hasken rana da ta iska amfani da kayan gida kafin su samu farashin tallafi, Kanada ce Japan da Tarayyar Turai suka kai ƙara, ita ce kuma aka samu da laifi a 2013. A Beljiyam, majalisar yankin Waloniya ta tsayar da sa hannu kan yarjejeniyar CETA tsakanin Tarayyar Turai da Kanada na kwanaki a Oktobar 2016. A Najeriya ma, idan dokar aiwatar da yarjejeniya ta taɓa abin da ba ya cikin jerin ikon tarayya kaɗai, sashe na 12 ya nemi amincewar mafi yawan majalisun jihohi.

Abin yi shi ne a ware layukan teburin da suka shafi jihohi, a kira su tun ana tattaunawa, a kuma shirya musu samfurin doka ɗaya da kowace za ta ɗauka ta daidaita.

Mataki na biyar: zaɓi salon dokar

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ta farko, a yi gajeriyar doka da ta ce yarjejeniyar tana da ƙarfin doka, a maƙala rubutunta a baya. Tana da sauri, amma tana barin alƙali da jami'i su yi ta laluben wace tsohuwar doka ce ta faɗi, wace ce ta tsaya. Birtaniya ta yi wani abu mai kama da haka da yarjejeniyarta ta kasuwanci da Tarayyar Turai: an cimma ta ranar 24 ga Disamba, 2020, majalisa ta zartar da dokar aiwatarwa cikin yini ɗaya ranar 30 ga wata, aka sa sashen da ya ce dokokin da ke akwai za a karanta su da duk sauyin da yarjejeniyar ke buƙata. Matsin lokaci ne ya kawo haka. Wanda ke da lokaci bai kamata ya kwaikwayi wannan ba.

Ta biyu, a bi tsofaffin dokokin ɗaya bayan ɗaya a gyara su, ko dai a ƙudirori daban-daban ko a babban ƙudiri guda. Amurka ta bi wannan hanya a dokar da ta aiwatar da yarjejeniyoyin zagayen Urugwai, wato tattaunawar da ta haifi WTO, a Disambar 1994. Ta gyara dokokin kwastan, da na binciken jibge kayan waje a farashin da ya gaza na ƙasarsu, da na haƙƙin ƙirƙira, inda wa'adin kariya ya koma shekara 20 daga ranar shigar da takarda a maimakon 17 daga ranar bayarwa. Dokar ta kuma fayyace abubuwa biyu: idan yarjejeniyar ta saɓa wa dokar Amurka, dokar Amurka ce kotunanta za su bi, kuma ɗaiɗaikun mutane ba su da damar kai ƙara da hujjar yarjejeniyar kai tsaye. Ko ka yarda da wannan zaɓi ko ba ka yarda ba, tambayoyin biyu dole dokarku ta amsa su ƙarara. Idan ta yi shiru, kotu ce za ta amsa bayan shekaru, a shari'ar da ba ku zaɓa ba.

Ta uku, a ba minista ikon yin ƙa'idoji. Wannan ya dace da abin da ke sauyawa a kai a kai, kamar jadawalin kuɗin fito da ƙa'idojin asalin kaya, don ba zai yiwu a koma majalisa duk shekara saboda ragin kashi biyu cikin ɗari ba. Sai dai a ɗaure ikon: a faɗi abin da zai iya taɓawa, a wajabta gabatar da ƙa'idojin gaban majalisa, a hana shi ƙirƙiro manyan laifuka ko sabon haraji ta bayan gida.

A ganina, haɗa ta biyu da ta uku shi ne daidai ga yawancin ƙasashe.

Akwai kuskuren da ya kamata a tsaya a kansa, wato dogaro da umarnin ofis a inda doka ake buƙata. Yarjejeniyar TRIPS ta haƙƙin mallakar fasaha ta ba Indiya har zuwa 2005 kafin ta fara ba da haƙƙin ƙirƙira kan magunguna, amma ta wajabta mata buɗe hanyar karɓar takardun masu nema tana ajiyewa tun daga 1 ga Janairu, 1995. Shugaban ƙasar ya fitar da dokar wucin gadi ranar 31 ga Disamba, 1994, wa'adinta ya ƙare a Maris na 1995, ƙudirin da zai maye gurbinta kuma ya maƙale a majalisa. Gwamnati ta ci gaba da karɓar takardun bisa umarnin cikin gida. Amurka ta kai ƙara, a Disambar 1997 kwamitin ɗaukaka ƙara na WTO ya ce umarnin bai wadatar ba, tunda dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 da ta saɓa masa tana nan daram, kuma kotu na iya rusa shi kowace rana. Sai da Indiya ta yi gyaran doka a 1999. Jami'an suna yin abin da ya dace a aikace, amma ƙasar ta faɗi a shari'ar saboda babu doka a ƙarƙashin ƙafarsu.

Mataki na shida: yi amfani da sararin da yarjejeniyar ta bari

Wannan ne matakin da ya fi damuna, domin ƙasashe masu tasowa kan yi asara a nan ba tare da kowa ya tilasta musu ba. Kusan kowace yarjejeniya tana da wa'adin shiri, da togaciya, da matakan kariya. Amma yawancinsu ba sa aiki da kansu. Idan dokar gida ba ta rubuta su ba, tamkar babu su ne.

Indiyar dai ita ce misali, wannan karon ta fuskar nasara. A gyaran 2005 ta cika wajibin TRIPS, ta kuma saka sashe na 3(d), wanda ya hana ba da sabon haƙƙin ƙirƙira kan tsohon magani da aka ɗan sauya masa siffa, sai an nuna ingancinsa ya ƙaru. Kotun ƙolin ƙasar ta yi aiki da wannan sashe a Afrilun 2013 ta ƙi ba kamfanin Novartis haƙƙi kan maganin sankara na Glivec. Haka nan lasisin dole, wanda ke ba gwamnati damar barin wani ya haɗa magani ba da yardar mai haƙƙin ba tare da biyansa lada: sashe na 31 na TRIPS ya halatta shi, sanarwar taron WTO na Doha ta Nuwambar 2001 ta jaddada shi, amma sai dokarku ta faɗi wa ke bayarwa, a wane hali, da yadda ake ƙayyade ladan. Ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba ma an ɗage musu wajibin kare haƙƙin ƙirƙira kan magunguna har 1 ga Janairu, 2033. Abin takaici ne ƙasa mai wannan rangwame ta kwafi dokar wata ƙasa mai arziki ta ɗaure kanta tun kafin lokaci.

Matakan kare masana'antu ma haka suke. WTO ta yarda a ƙara kuɗin fito na ɗan lokaci idan kayan waje suka yi ambaliya suka yi wa masana'antar gida mummunan lahani, ko idan aka jibge su a farashin da ya gaza na ƙasarsu. Sharaɗin shi ne bincike: hukuma mai iko, sanarwa ga jama'a, sauraron ɓangarori, hujja a rubuce. Ƙasar da ba ta da dokar bincike da hukumar yinsa, ranar da masana'antunta suka fara kuka ba abin da za ta iya sai rufe iyaka ko haramta kaya da ka, wanda shi ne ainihin karya yarjejeniyar. A sa wannan doka cikin ƙunshin farko.

Ita yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirgar kaya ta bar ƙasashe masu tasowa su raba alkawuransu da kansu zuwa rukuni uku: na nan take, na bayan wa'adi, da wanda sai an samu taimakon kayan aiki da horo. A yi rabon da gaskiya. Cusa komai a rukunin farko don a burge abokan hulɗa bashi ne da za a biya daga baya.

Mataki na bakwai: jadawalin kuɗin fito da asalin kaya

Aikin lambobi ne, kuma kuskuren lamba ɗaya kuɗi ne. Kayan duniya ana jera su ne da tsarin lambobi shida na Hukumar Kwastan ta Duniya, ƙasashe su ƙara nasu su kai takwas ko goma. Ana sabunta tsarin kusan duk shekara biyar, kuma bugun 2022 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun shekarar. Idan an yi tattaunawa da tsohon bugu alhali kwastan na aiki da sabo, sai an juya jadawalin layi-layi, domin wata lamba ta rabu biyu, wasu biyun sun haɗe. A ba ƙwararrun kwastan wannan aiki, wani rukuni daban kuma ya sake bi.

A AfCFTA, kashi 90 cikin ɗari na layukan kaya za a sauke kuɗin fitonsu cikin shekara 5, ko 10 ga ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba. Kashi 7 na kayan da ake lallaɓawa suna da shekara 10 ko 13, kashi 3 kuma an cire su. Ma'ana, ƙa'idar da za a buga dole ta nuna kuɗin kowace shekara, kuma kwamfutar kwastan ta sauya da kanta idan ranar ta zo. Ƙasar da ke cikin ƙawancen kwastan, kamar mambobin ECOWAS da suka fara aiki da kuɗin fito na bai ɗaya a 2015, ba ta da ikon taɓa jadawalin ita kaɗai, sai an bi ta ƙungiyar.

Ragin kuɗin fito na kayan abokan yarjejeniya ne kawai, don haka doka ta faɗi wa ke ba da takardar shaidar asalin kaya, yadda ake tantance wadda aka kawo daga waje, shekarun da ɗan kasuwa zai ajiye takardunsa, da hukuncin wanda ya yi ƙarya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda wannan sashe ya yi rauni, kayan wata ƙasa ta uku ne za su shigo da sabuwar leda. Ma'aikatar kuɗi kuma ta lissafa abin da baitulmali zai rasa kowace shekara, ta kawo lissafin tare da ƙudirin. 'Yan majalisa za su tambaya, kuma suna da gaskiya.

Mataki na takwas: sassan riƙon ƙwarya

Me zai faru da kayan da ke kan teku ranar da doka ta fara aiki? Da lasisin da aka bayar bara? Da shari'ar da ke gaban kotu? Kanada ta koma wa'adin shekara 20 ga sababbin takardun haƙƙin ƙirƙira, amma ta bar waɗanda aka shigar kafin 1 ga Oktoba, 1989 a kan tsohon wa'adin shekara 17. WTO ta ce a shekarar 2000 hakan ya saɓa wa TRIPS, a 2001 aka sake gyara. Ka rubuta wa kowane tsohon hali hukuncinsa, ka kuma lissafa dokokin da aka soke da sunansu da lambar sashe. Jimlar nan ta "duk dokar da ta saɓa wa wannan an soke ta" ba ta gaya wa jami'i komai.

Mataki na tara: jin ra'ayin jama'a da zuwa majalisa

A fitar da daftarin tare da teburin mataki na biyu, a ba masu masana'antu, manoma, ƙungiyoyin ƙwadago, masu fiton kaya da masu kare haƙƙin mai saye lokacin da za su karanta su ba da amsa a rubuce. Su ne suka san inda takalmin ke matsa su, kuma su kan gano dokar da ma'aikata ta manta. A gaya musu gaskiya tun farko: rubutun yarjejeniyar ba ya sauyuwa a wannan zama, abin da ke buɗe shi ne yadda za a aiwatar.

A majalisa haɗarin shi ne gyaran da zai mayar da ƙudirin ya saɓa wa yarjejeniyar. Amurka ta magance wannan tun dokar kasuwanci ta 1974 da tsarin da majalisa ke kaɗa ƙuri'ar e ko a'a ba tare da gyara ba, bayan an yi shawara da ita tun farko, sai dai wa'adin tsarin na ƙarshe ya ƙare a 2021. Inda babu irin wannan tsari, lauyan da ya san yarjejeniyar ya zauna da kwamitin daga karatu na biyu har ƙarshe, ya duba kowane gyara kafin a amince da shi. A lura kuma da kalandar zaɓe, domin a ƙasashe da yawa ƙudirin da bai kammala ba yana mutuwa da ƙarewar wa'adin majalisa.

Wani lokaci abokin yarjejeniya ba zai bari ta fara aiki ba sai ya ga dokar. Meziko ta zartar da gyaran dokar ƙwadago, wanda ya ba ma'aikata damar zaɓen shugabannin ƙungiyarsu da ƙuri'ar sirri, a ranar 1 ga Mayu, 2019, fiye da shekara guda kafin sabuwar yarjejeniyarta da Amurka da Kanada ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2020.

Mataki na goma: bugawa, sanarwa, da saukar da doka ƙasa

A buga dokar da ƙa'idojinta a gazet da intanet kafin ranar fara aiki. Sashe na 10 na GATT ya hana zartar da ƙarin kuɗin fito ko sabon sharaɗi mai tsanani kafin a buga shi a hukumance. A aika sanarwa ga sakatariyar yarjejeniyar, a buɗe ofishin amsa tambayoyi, a kafa kwamitin ƙasa da zai haɗa hukumomin kan iyaka da 'yan kasuwa. Daga nan sai littafin aiki na jami'ai, da sababbin fom, da horo, da kasafin kuɗin duk waɗannan. Hanya mafi sauƙi ta gane ko an gama ita ce a ɗauki kaya guda na gaske daga ƙasar abokiyar yarjejeniya, a bi shi tun daga shigar da takarda har fitarsa daga tasha, a ga ko kuɗin da aka caje shi ya yi daidai da jadawalin.

Idan aka kai ku ƙara

Yana faruwa ga manya da ƙanana. A tsarin WTO, ƙasar da aka samu da laifi ana ba ta wa'adin gyara, wanda ma'auninsa shi ne kada ya wuce wata 15. Kwamitin ɗaukaka ƙarar ya daina aiki tun Disambar 2019 saboda rashin cike gurabunsa, amma yawancin yarjejeniyoyin yanki suna da nasu tsarin sasanci, kuma abokin ciniki da aka ɓata wa rai yana da hanyoyin ramawa. Gyaran da za a yi ya zama na gaske. Lokacin da WTO ta ce rangwamen harajin da Amurka ke ba kamfanoninta masu fitar da kaya tallafi ne haramtacce, majalisarta ta maye gurbinsa da sabuwar doka a 2000 mai kusan irin tasirin. Aka sake samunta da laifi, a 2002 aka ba Tarayyar Turai izinin ramuwa da ta kai dala biliyan 4 a shekara, ta fara ɗora ƙarin kuɗin fito a Maris na 2004, kafin a soke dokar a ƙarshen shekarar.

Teburin mataki na biyu kada a rufe shi a durowa. Kwamitocin yarjejeniya suna ci gaba da yanke shawarwari, ana ƙara sababbin rataye, ana sabunta lambobin kaya, majalisa kuma tana yin sababbin dokoki da ka iya taka tsohon alkawari ba da sani ba. A ɗora wa ofishi guda, mai suna da kasafi, alhakin sabunta teburin duk shekara, a kuma sa a ƙa'idar aikin gwamnati cewa duk ƙudirin da ya shafi shigo da kaya, haraji, tallafi ko sayen kayan gwamnati sai ya bi ta wannan ofishi kafin ya isa majalisar ministoci.